Biburnum ko bugenbiliya: wanne za a dasa a tsakar gida?

Tun da hotunan biburnum, wani icen ado, suka fara yawo a waya, da fararen furanninsa curi-curi, ake ta tambayata ko a dasa shi maimakon bugenbiliyar da muka saba gani a katangun Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru.

Maganar farko ita ce zafi. Yawancin ire-iren biburnum 'yan ƙasashen sanyi ne, wasu ma sai hunturu ya ratsa su suke fure. Yana son ƙasa mai danshi da 'yar inuwa. To a Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ganyensa zai ƙone tun daga baki, ko da ana ba shi ruwa safe da yamma. Ita kuwa bugenbiliya, 'yar asalin Kudancin Amurka, rana ce abincinta. Idan ka cika mata ruwa ma sai ta yi ta ganye, furen ya ƙi fitowa.

Kuɗi fa? Reshen bugenbiliya a wurin maƙwabci za ka yanko ka kafa. Biburnum sai an nemo dashe daga nesa.

Aibin bugenbiliya ƙaya, ga busassun furanni da mai shara zai yi ta kwasa, kuma ba ta da ƙamshi. Biburnum ba ƙaya, wasu irinsa na da ƙamshi, aski kawai yake so da zarar fure ya kaɗe.

Mai gida a Ngaundare, inda tudu ya kai mita 1,100 har zafi ke da sauƙi, mai rijiya da inuwa da yara ƙanana, zai iya gwada biburnum. Na Garwa ko Marwa mai sayen ruwa a jarka, bugenbiliya ce daidai da shi.