Luksor zuwa Dandara a jirgin ruwa: kogi ya cinye yinin, haikali ya samu ragowa

Da hutun tsakiyar shekarar karatu muka baro Alƙahira, ni da wani abokin karatuna ɗan Damagaram, muka yanki tikitin jirgin ruwa na yini guda daga Luksor zuwa Dandara. Tazarar kusan kilomita 60 ce ta arewa. Mota ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma mu Kogin Nilu muke son gani.

Ƙarfe bakwai na safe jirgi ya ɗaga. Ba sabo ba ne, sai dai tsaf yake, ma'aikatan kuma akwai fara'a. Lokacin sanyi ne, iskar saman bene har cikin ƙashi, duk wanda zai je kada ya bar rigar sanyinsa a masauki. Da hantsi ya dubi ludayi sai jiki ya sake: gonakin rake iya ganinka, dabino, masunta na dukan ruwa da sanda don kora kifi cikin raga, yara na ɗago mana hannu daga gaɓa. Aka kawo karkade mai zafi, abokina ya kurɓa ya ce, "Malam, ai zoɓo ne, suna kawai aka sauya masa." Abincin rana ba yabo ba fallasa. Da azahar ta yi, ba mu ko tambaya ba aka nuna mana inda za mu yi salla.

A garin Ƙina muka sauka, mota ta ƙarasa da mu haikalin Dandara. Haikalin Hathor ne, gunkiyar mutanen Masar na zamanin da, an fara gininsa a shekara ta 54 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kana shiga zauren farko ginshiƙai 24 za su tare ka, kowanne da fuskar Hathor a samansa, an farfasa fuskokin tun zamanin da. Na ɗaga kai, na kasa saukewa. An goge baƙin hayaƙin da ya daɗe a rufin, shuɗin fenti ya fito kamar ba a yi shekara kusan 2,000 da shafa shi ba. Muka bi matattakala zuwa saman gini don ganin taswirar taurarin nan da ake ta zancenta, ashe kwafi ce. Ta ainihin Faransawa sun ciro ta a 1821, tana gidan tarihi na Louvre a Paris. A bangon baya kuma ga Sarauniya Kiliyofatra da ɗanta a sassaƙe.

To, a nan ƙorafina yake. Awa ɗaya da rabi kacal aka ba mu. Ɗan jagora sai "yalla, yalla" yake, kamar mai kora awaki. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa guda ɗaya muka leƙa, shi ma a gurguje, bayan mai gadi ya karɓi na goro. Kangon cocin Kibɗawa (Kiristocin Masar) da ke gefe ko tsayawa ba mu yi ba.

Dawowa ta fi tafiya tsawo, tunda yanzu jirgi gaba da ruwa yake yi. Rabin fasinjoji suka ɓingire da barci. Faɗuwar rana a kan kogin ta ɗan rage mini haushi, amma sai bayan isha muka ga fitilun Luksor.

Mai son hutawa da iyali, jirgin ya dace da shi. In Allah ya sake kai ni, mota zan ɗauka da asuba in isa Dandara kafin jama'a, in yi ta kallon rufin nan har wuyana ya gaji.