Kwali da gwangwani a makarantar yara ta Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya maigidan? Mu nan Birmingham lafiya lau, sai sanyi. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ga shi yaro ba tsakar gida balle ƙofar gida. Dole uwa ta nemo abin da zai ɗauke masa hankali a cikin ɗaki, in ba haka ba waya ce za ta raine shi.

A Ingila gwamnati na biya wa duk yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 awa 15 a mako a makarantar renon yara, iyaye masu aiki da suka cika sharuɗɗa kuma har awa 30. Abin da ya haura haka daga aljihunki zai fito, kuma kuɗi ne mai zafi. To da wannan kuɗin me ake koya musu? Makarantar su Auta takarda suka aiko mana, wai mu riƙa tara musu kwalin ƙwai, robar yogot, murafun kwalba da kwalayen da aka gama amfani da su. Ana zube su a kan tebur tare da gam da almakashi maras tsini, kowane yaro ya haɗa abin da ya ga dama. Rannan ta dawo da kwalin ganyen shayi an liƙa masa murafu huɗu, ta ce motar kashe gobara ce. Wallahi motar kara da yaran unguwarmu ke yi, mai tayar tsohon silifa da ƙofa mai buɗewa, ta fi ta kyau nesa ba kusa ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne babba yana zama da yaron. Malama za ta durƙusa daidai tsayinsa ta tambaye shi taya nawa ya sa, wanne kwali ya fi girma, me ya sa wannan ya ƙi tsayawa. A nan lissafi da magana ke shiga ba tare da ya sani ba. In an tashi a rubuta sunansa a jiki a ba shi ya kai gida. Mu kuwa yaro ya wuni yana fere kara, abin da zai ji shi ne "kwashe min sharar nan". Sannan gari ya waye a tura ɗan shekara 3 makarantar kuɗi ya dawo da aikin gida na rubuta 1 zuwa 100, hannun da ko fensir bai iya riƙewa ba. Nan sai a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4 yake shiga ajin farko na firamare, shi ma rabinsa wasa ne.

Kin ce in auno wa su Abba kayan wasa na ilimi. Na leƙa shagunan Hobbycraft da The Works, akwai kaya kam, amma yawanci abin da kike da shi ne aka sa a leda aka liƙa masa kuɗi: tsinken askirim, maɓallai, zare, takarda mai launi. Lego, wato ƙananan tubalan roba da ake harhaɗawa, yana da aminci, sai dai in kika juya kuɗinsa zuwa naira za ki fasa. Ni kaina a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji nake saya. Abin da nake jin kishinsa da gaske shi ne laburaren unguwa, inda jariri ma ake yi wa kati kyauta, ki ɗebo littattafan hotuna ki mayar in kin gama.

Akwai wani ƙulli da yara ke murzawa, ana sayar da shi da sunan Play-Doh, amma iyaye da yawa a gida suke haɗawa: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwan ɗumi kofi 1, da ɗan mai. Da tsadar fulawa a wajenku ban ba ki shawara ba, yumɓu ya ishe ki, shi muka yi shanu da tukwane da shi. Akwai kuma abin da har yau zuciyata ba ta karɓa ba: su rina shinkafa da taliya su zuba a faranti don wasa, an gama a share a zubar. Ni yashi nake sa wa Auta a tire ta zana baƙaƙe da yatsa. Launi kuma ruwan zoɓo ya ba ki ja, kurkum ya ba ki rawaya, gawayi da ƙaro su ba ki baƙi kamar tawadar allo. Kokon sitaci yana liƙa takarda tsaf.

Ki dai kula da ƙaramin. Nan duk abin wasa mai ƙananan ɓangarori sai an buga masa gargaɗin kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3, saboda shaƙewa. Murfin kwalba da maɓalli ki bar wa manya, gwangwanin madara kuma a daddake bakinsa kafin ya shiga hannunsu. Ki gaida min Inna da kyau.