Wane fandisho ya dace da filinka?

Kafin ka sayi ko sandar rodi ɗaya, sa lebura ya haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a wuri biyu ko uku cikin filin, ka leƙa da kanka. Abin da ke cikin ramin nan shi zai zaɓa maka fandisho, ba abin da maƙwabci ya yi ba.

In jar marmara ce, wadda diga ke shan wuya a kanta, ka yi dace. Fandishon da aka saba, mai bin layin bango, ya ishi gidan da ba bene ba, kuma shi ya fi arha. Magina kan ninka kaurin bulo sau uku, wato bulo inci 9 kankarensa ya yi faɗin inci 27. Haɗin da aka fi yi: buhun siminti ɗaya, kwano 6 (kwanon ɗibar kankare na lebura) na yashi, 12 na tsakuwa. Ƙasar jigawa mai rairayi ma tana ɗaukarsa, don rairayi ba ya tsoron nauyi, zaizayar ruwa ce matsalarsa. A ƙara zurfi, a kuma kau da ruwan indararo daga gindin bango.

In bene ne a ranka, ko da sai nan gaba, tun yanzu za a dasa ginshiƙai, kowanne a kan shimfiɗar rodi, da haɗi mai ƙarfi: kwano 4 na yashi, 8 na tsakuwa.

Inda kuɗi ke ƙonewa shi ne laka. Ƙasar fadama, da baƙar ƙasar nan da ake kira firgi a wajejen Dikwa da Ngala, akwai irinta kuma a yankin Numan, takan kumbura da damina, ta motse da rani har ta dare yadda hannu zai shiga. Gini a kanta kullum ana ɗaga shi ana sauke shi. Alamarsa tsagewar da ke tashi a karkace daga kusurwar taga, da ƙofar da ke cijewa a watan Agusta ta saki a Maris. Dubi gidajen unguwar, za su gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. A nan raf ake yi: faifan kankare guda mai rodi, da bim, wato ginshiƙin kankare na kwance, a ƙarƙashinsa, gidan duka ya hau kai. Yana cin rodi da siminti ba kaɗan ba, amma a ganina ya fi a yi ta liƙe tsaga kowace shekara. In lakar ba ta yi zurfi ba, kwashe ta a ciko da marmara yakan fi sauƙi. Kada kuma a dasa turare ko darbejiya jikin bango, saiwarsu na tsotse danshin gefe guda.

Tsohon kududdufin da aka cike da bola, irin waɗanda suka yi yawa a Kano, nasa daban ne. Sama ƙasa ce lafiya lau, kana nitsawa sai leda da tsumma da wari. Wannan sai gwajin ƙasa da injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wataƙila ma sai an kafa turakun kankare har su taɓa ƙasa ta asali. Haɗa wannan kuɗin da na filin, ka ga ko arhar tana nan.

Jaman fulo kuwa, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan fandisho, ƙarfinsa daga cikon da ke ƙasansa ne. A zuba marmara inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. In tifa ta juye gaba ɗaya aka baje da shebur, bayan damina biyu sai tayil ya fara ƙarar ganga. A sa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri don danshi, a zuba kankare inci 4 zuwa 6, a shayar da shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7 kafin a ɗora masa nauyi.