Mai gwanjon da ya hana ni sayen takalmin da na zaɓa

Shekarata 47, nauyina kilo 88, kuma kusan wata bakwai ke nan ina fita sassarfa bayan sallar asuba, tun ranar da likita ya auna jinina ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba sai na haɗa da motsa jiki. Da wani kambas na fara, wanda na saya a bakin titi, mai kyan gani, ƙasansa shafal kamar faifai. Sati shida ina taka kwalta da shi, sai gwiwata ta dama ta fara ciwo a kewayen ƙoƙon. Ba a wajen gudun ya fi damuna ba, a wajen tashi daga sujada ne da saukowa daga bene a ofis. Uwargida ta yi ta shafa min man zafi, abokai kuma bakinsu ɗaya: gudu cinye gwiwa yake, in haƙura.

Wani maƙwabcina da ke atisaye a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano shi ya tura ni wurin wani matashi mai gwanjon takalman gudu a kasuwar Ƙofar Wambai. Ban nemi izinin matashin ba, don haka ba zan kama suna ba, amma alamarsa ita ce wani katako mai santsi da ya ajiye a bakin rumfa, wanda ba ya ɗora kaya a kai.

Ina isa idona ya faɗa kan wani fari tas, sai ƙyalli yake. Na ɗauka na ce a yi ciniki. Ya karɓa, ya juya shi sau biyu, ya ce, "Alhaji, in na zuwa biki kake nema ga shi, amma in na gudu ne wannan ya mutu." Ya ɗora ƙafa biyun a kan katakon nan, ya ce in durƙusa in dube su ta baya. Na hagun ya karkata waje kamar tsohuwar katanga. Ya nuna min gefen soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa, duk ya yi tamoji, layi a kan layi. Sannan ya zare shimfiɗar ciki, ya sa babban yatsana a gurbin dunduniya ya ce in danna. Tauri kawai na ji, babu abin da ya dawo. Ya ce sabulu da buroshi suna mayar da saman takalmi sabo, amma soson da ya kwanta ya kwanta ke nan.

Wannan soson shi ne abin da mutum ke biya wa kuɗi. Mai gudu duk takun da ya yi, ƙafarsa na karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na jikinsa. A wurina hakan ya haura kilo 170 a taku guda, ga shi kowace kilomita kusan taku dubu ce. Su kansu masu ƙera takalman suna cewa a sauya bayan kilomita 500 zuwa 800. Na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci nasa rabon a cikin wannan lissafi kafin a ɗaure shi a dila, kuma ba a rubuta nawa ya ci ba. Sai dai mai ido ya karanta a jikin takalmin, kuma yaron nan yana da idon.

Ya tambayi inda nake gudu, da kwana nawa a sati, da gefen da ke min ciwo. Ya karɓi tsohon kambas ɗina da na zo da shi a ƙafa, ya lanƙwasa shi biyu da hannu ɗaya, ya girgiza kai. Daga nan ya shiga ciki ya fito da guda uku. Wanda ya zauna min shi ne ASICS samfurin Gel-Cumulus, na kamfanin nan na Japan da ke birnin Kobe, launin toka, robar ƙasansa ko zanenta bai goge ba. Lamba 43 nake sawa, shi kuwa 44 ya ba ni, ya ce lallai a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, domin ƙafa kumbura take in ta ɗau zafi. Ya ma ce na yi dace da na zo bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa. Bai karɓi kuɗina ba sai da ya sa na ɗaure igiya na yi sassarfa a lungun da ke tsakanin rumfuna, ina kauce wa masu baro, na je na dawo sau biyu, yana tsugune yana kallon yadda dunduniyata ke sauka. Naira dubu 32 muka daidaita. Maƙwabtansa na da na dubu 15, kuma na san dalilin bambancin tunda na ga katakon.

Abin da ya ƙara min yarda da shi, ina ƙirga kuɗin ya ce, "Alhaji, takalmi fa ba likita ba ne. In ciwon ya wuce sati biyu ka je a duba ka." Na je kuwa. Likitar gashin ƙashi ta ce ciwon gaban gwiwa ne irin na masu fara gudu da gaggawa, ba guringuntsi ne ya cinye ba. Ta ce in rage faɗin taku, in riƙa sauke ƙafa a ƙarƙashin jikina maimakon in miƙa ta can gaba, in ƙarfafa cinya da ƙugu, in bar kwana ɗaya tsakanin fita da fita, kada in ƙara nisa da fiye da kashi 10 cikin 100 a sati. Maganar abokaina ma ba haka take ba. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya sami amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 na masu gudun motsa jiki, alhali a marasa motsi ya haura kashi 10.

Saboda haka ba zan ce takalmin kaɗai ya warkar da ni ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne bugun da nake ji yana hawowa daga dunduniya zuwa ƙwauri ya ragu tun fitar farko, idon sawuna ya daina rawa in na bar kwalta na hau gefen ƙasa, kuma yau wata huɗu ina tashi daga sujada ba tare da na dafa ba.

Rumfar tana da nata cikas. Matsattsiya ce, benci ɗaya ne mai cin mutum biyu, in ka tarar da layi tsayuwa za ka yi a rana. Babu rasit, kuma ba ya karɓar takalmin da ya kwana. Lamba 45 zuwa sama sai an yi sa'a, na mata kuma ƙalilan ne, har yanzu ban samo wa uwargida nata ba duk da na koma sau biyu. Masu kyan suna ƙarewa ne ranar da aka fasa dila, don haka gara ka tambaye shi ranar ka yi sammako.

Ya ce in riƙa rubuta nisan da na yi, tunda ba mu san abin da mai shi na farko ya ci ba. Ina da ɗan littafi a aljihun jakar da nake ajiye takalmin, jiya lissafin ya kai kilomita 270. In ya kai 400 zan mayar masa ya ɗora a kan katakon mu gani.