Sanyaya jiki zuwa digiri 33 ko hana zazzaɓi kawai?

Idan zuciya ta tsaya aka samu ta ci gaba da bugawa, amma majiyyaci bai farfaɗo ba, likitoci suna da hanya biyu ta kare ƙwaƙwalwarsa. Ta farko ita ce a sauke zafin jikinsa zuwa digiri 33 na kimanin awa 24, a manna masa shimfiɗun da ruwan sanyi ke zagayawa a cikinsu, domin ƙwaƙwalwar da ta yi sanyi buƙatarta ta oksijin tana raguwa. Binciken da aka yi a Turai da Ostareliya, wanda aka wallafa a 2002, shi ya ɗaukaka wannan hanya. Sai dai tana da wuya: jiki yakan kama makyarkyata har sai an ba da magani, kuma dole a ɗumama shi sannu a hankali.

Ta biyu ita ce a sa ido kawai kada zazzaɓi ya taso. Wani bincike mai suna TTM2 na 2021, wanda ya kwatanta hanyoyin biyu a kan majiyyata kusan 1,900, bai ga bambanci a yawan mace-mace ba, rikicewar bugun zuciya kuma ta fi yawa ga waɗanda aka sanyaya. A ganina, ta biyu ta fi dacewa da yawancin manya.