Na saurari labaran tsoro na Arthur Machen da daddare, ga yadda muka kwashe

Kusan wata biyu ina fama da rashin bacci, sai na ce bari in nemi abin saurare maimakon latse-latsen waya har ƙarfe biyu. A haka na faɗa kan labaran wani marubuci ɗan Wales, Arthur Machen, waɗanda aka karanta a murya kuma kyauta ne tunda mutumin ya rasu tun 1947. Neman bacci da labarin tsoro, wannan wautar tawa ce ni kaɗai.

An haife shi a 1863 a Caerleon, garin da har yau akwai kufan barikin Rumawa a cikinsa, kuma duwatsu da dazukan yankin su ne filin labaran nasa. Guda biyu na ji, The Shining Pyramid da Novel of the Black Seal, duka na 1895, duka kuma a kan Tylwyth Teg suke, wato wasu ƙananan halittu na tatsuniyar Wales da ake cewa suna zaune cikin tsaunuka suna sace jarirai su ajiye nasu. Ma'anar sunan wai kyawawan dangi. To shi Machen abin da ya ɗauko shi ne mutanen dauri ba don kyau suka sa musu sunan ba, tsoro ne, lallaɓa su ake yi. Nan fa na tashi zaune, don haka kakata take yi, ba ta taɓa cewa aljanu da magariba, sai dai mutanen ɓoye.

Na farkon ya fi kama ni. Wata yarinya ta ɓata a hanyar tudu, sai wani mai gida a ƙauye ya riƙa ganin an jera ƙananan duwatsu masu kaifi kusa da katangarsa, kullum da siffa daban, daga baya kuma aka fara zana ido a jikin katangar, yau ɗaya gobe biyu. Abokinsa Dyson da ya zo daga Landan shi ya lura zanen duk a ƙasa-ƙasa yake daidai tsayin ƙaramin yaro, kuma cikin duhun dare ake yinsa, to wane yaro ne ke gani a duhu? Daidai nan wallahi aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, na haska bango da waya sai ga zanen da ɗana ya yi da biro daidai gwiwata, na san shi ya yi amma sai da na tofa ayatul kursiyyu.

Na biyun akwai Farfesa Gregg da wani yaro mai faɗuwa yana wani yare kamar hucin maciji, shi ma ba laifi amma ya ja da yawa.

Inda ban ji daɗi ba, turancin tsoho ne, jimla ɗaya sai ta yi tafiya kamar ba za ta tsaya ba, mutum ya kwashe minti biyar yana siffanta kwari da hazo alhali kai so kake ka ji ina yarinyar. Sannan yadda yake kwatanta kamannin halittun da wasu jinsin mutane akwai rainin Turawan zamaninsa a ciki, ya sosa min rai. Mai karatun ma muryarsa wani wuri ƙasa wani wuri sama, ina ta wasa da boliyom.

Mai son jini da ihu irin na fim ba nasa ba ne, zai yi hamma. Ni na ba shi huɗu cikin biyar, kuma wani labarinsa The White People da na sauke sai ranar Asabar da hantsi zan kunna ta, a tsakar gida.