Squier Classic Vibe '60s Precision Bass: Jitar Bes Mai Murya Ɗaya Wadda Ta Wadatar

Duk wanda ya fita neman jitar bes mai inganci a yau zai tarar da shaguna cike da jitoci masu mamurɗai huɗu ko biyar, da batir a cikinsu, ana tallata su da cewa babu irin amon da ba za su fitar ba. Squier Classic Vibe '60s Precision Bass ba ta cikin wannan sahu. Tsirkiya huɗu gare ta, da maganaɗisun ɗaukar sauti guda ɗaya wanda makaɗa ke kira fikof, sai mamurɗai biyu kacal, ɗaya na ƙara ƙarfin sauti, ɗaya kuma na rage kaifinsa. Na daɗe ina kaɗa ta a wurin atisaye da kuma dandalin biki, kuma abin da na tabbatar shi ne muryarta ɗaya ce, amma ita ce muryar da ƙungiyar makaɗa ta fi bukata daga mai bes.

Squier reshe ne na kamfanin ƙera jita na Fender, kuma shi ke fitar da samfurorin Fender masu sauƙin kuɗi. Jerin Classic Vibe ya fara fitowa a 2008, ana ƙera shi a ƙasar Sin, daga baya a 2019 aka sabunta shi, kuma wannan samfurin a Indonesiya ake yin sa. Asalin zanen kuwa na Leo Fender ne, wanda ya fito da Precision Bass a 1951 domin ya sauƙaƙa wa masu fama da katuwar bes ɗin nan ta tsaye, wadda ba ta da sauƙin ɗauka kuma sauran kayan kiɗa ke danne muryarta. A 1957 aka sauya mata siffa aka kuma raba fikof ɗinta gida biyu, rabi a ƙarƙashin tsirkiyoyi biyu masu kauri, rabi a ƙarƙashin sirara. Wannan siffa ta 1957 ce ta zauna har yau, kuma ita Squier ta bi sau da ƙafa a nan.

Ta fuskar ƙira, jikinta na katakon fofla ne, wuyanta na mafil, kuma an shimfiɗa katakon lorel na Indiya a inda yatsun hagu ke dannawa. Tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 34 ne, kamar yadda aka saba, da ƙarafan firet guda 20, wato siraran ƙarafan da aka jera a kan wuya inda ake danna tsirkiya. Fenti ya kwanta sumul, mahaɗar wuya da jiki ta zauna daram ba tare da rata ba, kuma maɗauran tsirkiya suna riƙe saiti yadda ya kamata ko da an yi doguwar kaɗawa. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan ɓangare, domin aikin ya yi daidai da kuɗin, har ma ya ɗan zarce.

Inda maganar take shi ne amo. Fikof ɗin na maganaɗisun alniko ne, wato haɗin alminiyam da nikel da kobalt, kuma an dasa shi a tsakiyar jiki, wurin da tsirkiya ke lilo sosai amma ba ta kai ga yin laushin da ke kusa da wuya ba. Sakamakon haka sautin yana da kauri a ƙasa, yana kuma da wani tudu a tsakiya wanda ke sa kunne ya gane kowace nota ko da ganga da piyano da muryoyin mawaƙa sun cika wuri. Wanda ya saurare ta ita kaɗai a cikin shago zai iya cewa muryar ta yi gurnani, ba ta da ƙyalli irin na jitocin zamani, kuma na ga masu saye da dama sun ajiye ta saboda wannan dalili. A ganina sun yi gaggawa. Bes ba abin saurare shi kaɗai ba ne, matsayinsa a cikin kiɗa kamar na gishiri ne a miya, kuma wannan gurnanin da ba ya burge mutum a shago shi ne ke zama cikar sauti idan sauran kayan kiɗa sun shigo. Jitocin da aka kwashe musu tsakiya aka bar ƙasa da sama suna da daɗi a kunnen mai kaɗawa, amma mutanen da ke bayan zaure rugugi kawai suke ji, ba sa jin waƙar da bes ke rerawa.

Mamurɗin rage kaifi yana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan an buɗe shi gaba ɗaya ana jin ƙarar tsirkiya a kan firet da cizon yatsa, wanda ya dace da kiɗa mai zafi. Idan an mayar da shi wajen rabi sai sautin ya yi zagaye, kuma nan nake barin sa a mafi yawan lokuta. Rufe shi ƙurmus yana ba da amo mai zurfi irin na rege, ko da yake a babban zaure hakan na iya sa notoci su cakuɗe. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba: an naɗa wayar rabi biyun nan na fikof ta fuskoki masu saɓani, don haka suna soke gunjin lantarki da ke shiga ta waya. Duk wanda ya taɓa kiɗa a wurin da janareta ke ba da wuta, ko inda aka yi haɗin waya ba bisa ƙa'ida ba, ya san darajar jitar da ke yin shiru idan an ɗauke hannu. Ba ta kuma bukatar batir, saboda haka babu fargabar ya mutu ana tsakiyar waƙa.

Ba zan iya maganar wannan jita ba tare da ambaton James Jamerson ba, domin saboda shi ne na fara son irin wannan amo. Shi ne ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka cikin shekarun 1960, da Precision ƙirar 1962, kuma ya rasu a 1983 kafin duniya ta gama sanin sunansa. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne na La Bella, masu kauri ƙwarai, ba ya yawan sauya su, yana ɗaga su nesa da wuya, akwai soso a ƙarƙashin murfin ƙarfen da ke gindinsu domin ya taƙaita amon, kuma da yatsa ɗaya na hannun dama yake fizgar su. Abin da ke ba ni mamaki a kiɗansa shi ne yadda bes ke yawo tana rera tata waƙar a ƙarƙashin mawaƙi ba tare da ta taɓa tare masa hanya ba. Donald "Duck" Dunn na kamfanin Stax a Memphis ma Precision ya riƙe, amma shi ya fi son notoci kaɗan masu nauyi, a dasa su daidai inda ganga ta faɗi. Pino Palladino, ɗan yankin Wales, ya yi suna a shekarun 1980 da Music Man StingRay marar firet, sannan ya koma Precision da tsirkiya mai santsi, yana jan kiɗa a baya kaɗan da gangan har mai sauraro ya ji kamar waƙar na jingina. Shi kuwa Steve Harris na ƙungiyar Iron Maiden da irin wannan jita da tsirkiya mai santsi yake fitar da ƙara mai kaifi kamar sukuwar doki. Mutum huɗu, jita iri ɗaya, kuma babu wanda za a ɗauka ɗan'uwansa ne. Wannan ya isa ya nuna cewa murya ɗayar da nake magana a kai tana da faɗi, kuma hannun mai kaɗawa ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Daga masana'anta jitar na zuwa da tsirkiya mai kaushi, irin wadda aka naɗe da zagayayyiyar waya, mai kaurin inci .045 zuwa .105. Ba ta da laifi, kuma ita ce ta fi dacewa da mai son kaifi. Ni dai na sauya ta da mai santsi, kuma ina ganin babu wani kuɗi da mai wannan jita zai kashe ya ga canji nan take kamar wannan. Ƙarar zamewar yatsa ta ɓace, kowace nota ta fito da bugu a farkonta sannan ta lafa da wuri, kuma firet ba sa saurin cinyewa. Tsirkiya mai santsi ta fi tsada a saye na farko kuma ta fi tauri a yatsa, amma tana shekaru ba a sauya ta ba, har ma amonta na ƙara daɗi idan ta tsufa.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani kafin ya biya. Faɗin wuyan a sama ya kusa milimita 43, alhali na Jazz Bass, wata jitar bes da Fender ta fitar a 1960, milimita 38 ne, don haka mai ƙananan hannuwa zai ji bambanci, musamman a firet na farko zuwa na biyar. An kuma shafe bayan wuyan da fenti mai sheƙi, wanda ke da kyan gani amma yana riƙe babban yatsa idan hannu ya yi gumi a lokacin zafi, kuma ƙyalle mai tsabta a kusa shi ne maganinsa. Sannan wanda burinsa shi ne salon mari da fizga irin na shahararren mai kaɗa bes Marcus Miller, ko kuma kiɗan coci na zamani da ke bukatar tsirkiya ta biyar mai zurfi, ba wannan ce jitarsa ba, gara ya duba Sire V7 ko wata Jazz Bass. Waɗannan ba aibu ba ne a aikin ƙira, zaɓi ne da aka yi da gangan domin a bi tsohuwar siffa.

Batun amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ma ba abin rainawa ba ne. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa ne a wajen hez 41, wato lilo kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙaramar lasifikar jita ta yau da kullum ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba, tana iya lalacewa. Jamerson ya yi amfani da Ampeg B-15 mai lasifika inci 15, wadda a yau sai mai hali. Ga atisaye a gida ko ƙaramin ɗaki, Fender Rumble 40 mai lasifika inci 10 ta dace da wannan jita sosai, ba ta da nauyin ɗauka, kuma tana da kafar da za a jona ta kai tsaye da na'urar haɗa sauti idan an je babban wuri. Wanda zai yi kiɗa tare da mai ganga mai ƙarfin hannu kuwa sai ya nemi wat 100 ko fiye.

Shawarata ga mai saye ita ce ya ware ɗan kuɗi domin a daidaita masa jitar a hannun wanda ya san aikin, a gyara tsayin tsirkiya da lanƙwasar wuya ta hanyar sandar ƙarfen da ke cikinsa. Wannan ya fi muhimmanci a wurarenmu, inda bushewar hunturu ke sa katako ya tsuke, damina kuma ta sa ya kumbura, don haka kowace jita, mai tsada da mai araha, tana bukatar a duba wuyanta idan yanayi ya juya, a kuma ajiye ta cikin jakarta nesa da rana. A shago kuma ya kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet ya saurari ko akwai zizar ƙarfe, ya shafa gefen wuyan ya ji ko bakin firet na karce hannu, sannan ya ɗauki guda biyu ko uku ya gwada nauyinsu a kafaɗa, domin katako ba ya zama iri ɗaya ko da daga masana'anta guda ya fito. Farashinta ya yi ƙasa ƙwarai da na Fender ƙirar Meziko, balle ƙirar Amurka, kuma ragowar kuɗin da za ta bar wa mai saye ya fi amfani idan an zuba shi a tsirkiya mai kyau da amfilifayar da za ta iya ɗaukar amonta.